Tambayi Anti: Kwalbar maganin kansa ta fashe, na share da tsintsiya

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙo uku na ware a wannan fitowar, duk a kan magungunan nan ne masu haɗari da ake ba masu ciwon daji (kansa), waɗanda muke cewa kemo. Na farkon ne ya fi tsaya min a rai, don haka ku yi haƙuri zan daɗe a kansa.

Tambaya: Salam Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah ki sakaya sunana. Ni mai shara ce a ɗakin masu ciwon daji a asibiti, shekarata biyu kenan. Shekaranjiya wata 'yar kwalba ta suɓuce daga kan tire ta fashe, farin gari ne a ciki, nas ɗin ta ce in yi maza in share kafin oga ta shigo, ni kuma na ɗauko tsintsiya na share na tsince gilasan da hannu na bi da mofa, ko safar hannu ban sa ba saboda sauri. Daga baya wata take ce min wai maganin guba ne, a jikin takardar kwalbar an rubuta Cyclophosphamide. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba kuma ban faɗa wa kowa ba don tsoron kar a kore ni. Anti kansa zan kamu da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara nutsuwa tukuna. Taɓawa sau ɗaya irin wannan da wuya ta sa miki kansa, abin da ake tsoro a kan waɗannan magungunan shi ne kaɗan-kaɗan ɗin da ke shiga jikin ma'aikaci yau da gobe, shekara da shekaru, bai ma sani ba. Amma fa shirun da kika yi ne bana so. Yau ɗin nan ki je wajen shugabar ɗakin ko likitan ma'aikata ki faɗi abin da ya faru, rana da lokaci da sunan maganin, a rubuta a ajiye, a duba hannunki ko gilas ya yanke ki, in likita ya ga dama a auna jininki. In kina jin ƙaiƙayi ko jan fata, tari, zafin ido, tashin zuciya ko ciwon kai ki faɗa, in kuma kina da ciki ko kina zargin akwai, wannan shi za ki fara faɗa kafin komai. Ba ke kika fasa kwalbar ba, kuma ba ke ya kamata a tura ki share ta hannu rabbana ba, wadda ta ce ki yi maza ta yi gudun gara ne ta jefa ki gidan zago.

Bari in gaya miki ko wane irin magani ne, don ki san ba tsoratarwa aka yi miki ba. Danginsa sun samo asali ne daga iskar gubar da aka watsa wa sojoji a yaƙin duniya na ɗaya, a 1917 a Beljiyam, likitoci suka lura tana cinye ɓargo da fararen ƙwayoyin jini, shine a 1942 a jami'ar Yale ta Amurka aka fara gwada wani ɗan uwanta a kan mai ciwon daji. Shi wannan da ya fashe a gabanki a Jamus aka haɗa shi a ƙarshen shekarun 1950. Aikinsa ya lalata ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, to kinga bai san wannan mara lafiya ne wannan mai shara ce ba, duk jikin da ya shiga aikin nan zai yi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan adam. Ga mara lafiya amfaninsa ya rinjayi illarsa, ke kuwa da lafiyarki illar ce kawai rabonki. Tun 1979 masu bincike a Finlan suka ga alamar waɗannan magungunan a fitsarin nas-nas ɗin da ke haɗa su, kuma gargaɗin da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar a 2004 bai tsaya kan likita da nas ba, har masu shara da masu wanki da masu kwashe bola ya ambata.

Ga yadda ya kamata a yi ranar. Da kwalbar ta fashe ba a taɓa komai, a matsar da mutane, a kashe fanka, a sa alama kar wani ya taka ya yawata da shi a takalmi. Wanda ya zubar wa a jiki shi ake fara ceto kafin daɓe, ya cire kayan, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ba tare da dirza ba. Sannan wanda aka koya wa aikin ya ɗauko akwatin kwashe zuba, ya sa safar hannu biyu ɗaya kan ɗaya, rigar kariya mai dogon hannu wadda ruwa baya ratsawa, tabarau, rufin takalmi, da takunkumi mai tace ƙura irin N95, don wancan shuɗin na tiyata baya tare garin magani. In gari ne sai a jiƙa tsumma ko audugar da ke cikin akwatin a lulluɓe shi a hankali, tsintsiya kam haramun, don ita ke tayar da shi sama ki shaƙa, kowa na ɗakin ma ya shaƙa. In ruwa ne a ɗora abin tsotsewa a bari ya shanye. Gilas da ɗan cokalin roba ake kwashe shi zuwa akwatin allurai mai kauri, ko da safa ba a sa masa yatsa. Gogewa kuma daga bakin wurin ake farawa a nufo tsakiya, sau uku da ruwan sabulu, a bi da ruwa zalla, duk abin da aka yi aiki da shi a ɗaure a leda biyu ta sharar kemo. Wannan sharar ƙona ta ake yi a injin da zafinsa ke kaiwa wajen digiri 1200, ba a haɗa ta da sauran bola ba a kuma cinna mata wuta a fili.

Saura abu biyu da suka shafe ki yanzu. Tsintsiyar nan da mofar sun gurɓata, in har suna nan ana yawo da su ɗaki-ɗaki to maganin ake shafawa ko'ina, ki nuna su a ɗaure a fitar. Kayan da kika sa ranar kuma a wanke su su kaɗai, kar su haɗu da na yara.

Wallahi abin da ke min ciwo, na taɓa aiki a wani asibiti da akwatin kwashe zubar yana nan sabo fil amma a kulle a ofis, mai makullin kuma ta tashi aiki, ranar da aka buƙace shi da dare sai kallon ƙofa. Ki tambaya a nuna miki inda naku yake, ki kuma ce a karanta muku takardar haɗarin maganin da ake kira SDS, sashi 16 gare ta, na 4 taimakon gaggawa ne, na 6 yadda ake kwashe zuba, na 8 kayan kariya. Haƙƙinki ne ba alfarma ba.

Tambaya: Anti ni nas ce, sabuwar zuwa ɓangaren kemo. Ina cire robar ƙarin ruwa jan maganin nan Doxorubicin ya fantsamo min a ido da kumatu, na ɗan wanke a famfo na goge fuskar da sanitaiza na ci gaba da aiki don ni kaɗai ce a ɗakin. Kuma ina da ciki wata biyu ban sanar ba tukuna. Ya zan yi?

Amsa: 'Yar uwa, ɗan wankewa bai isa ba. Ido minti 15 ake wanke shi cur, da agogo, da ruwa mai tsabta ko ruwan gishirin asibiti, a buɗe fatar idon da yatsu, a karkatar da kai ta yadda ruwan ba zai gangara cikin ɗayan idon ba, in akwai gilashin mannawa a cire. Minti 15 a bakin famfo da tsawo, kowa sai ya ga kamar ya isa tun a minti uku, to bai isa ba. Tunda lokacin ya wuce ki je likitan ido ya duba ko babu ciwo yanzu, kin san dai maganin nan ko daga jijiya ya zame ya shiga nama cin wurin yake yi har ya zama gyambo, ba abin wasa da ido bane. Sanitaiza da sifirit kuwa basa kashe kemo, ƙwayar cuta suke kashewa, shi magani sai dai su baza shi su kuma ƙara wa fatar rauni, sabulu da ruwa shine.

Maganar ciki, don Allah ki sanar gobe. Na san ana jin nauyin faɗa da wuri, amma watanni ukun farko ne gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, kuma bincike ya nuna yawan mu'amala da waɗannan magungunan ba kariya yana da alaƙa da ɓari. Fantsama ɗaya ba hukunci bace a kan cikinki, ki gaya wa likitan da ke miki awo ya bi ki, sannan ki nemi a maida ke wani ɓangaren har ki haihu ki yaye. Kafin nan, garkuwar fuska duk lokacin da za ki sa ko ki cire roba, safa biyu a canza su duk minti 30 ko da zarar sun ɓaci, a cika robar da ruwan gishiri kafin a haɗa maganin, kuma kar ki fitar da iskar sirinji a sarari.

Tambaya: Anti barka. Mahaifiyarmu na shan Methotrexate saboda ciwon gaɓoɓi, haɗiya na mata wuya shine nake daka mata ƙwayar da cokali in jiƙa a ruwa. Matata ce ke ba ta in bana nan, kuma akwai yara ƙanana a gidan. Akwai matsala?

Amsa: Allah ya saka da ladan jinya ɗan uwa, ya ba Mama lafiya. Akwai matsala, ka daina dakawa daga yau. Shi ma maganin kansa ne asalinsa, ƙaramin awo ake bayarwa don gaɓoɓi, in ka daka garin na hawa yatsunka da cokalin da iskar da kuke shaƙa. Ka koma wajen likitanta ko mai haɗa magani ka ce haɗiya na mata wuya, ana yin sa na ruwa, ana yin sa na allura. Wajen bayarwa a juye ƙwayar a murfin kwalba ko ɗan kofin da aka ware, a wanke hannu kafin da bayan. In matarka na da ciki, ko kuna nema, ko tana shayarwa, ta bar muku wannan aikin kwata-kwata, don maganin na zubar da ciki yana kuma nakasa jariri.

Wani abin da ke kashe mutane da shi kuma kuskuren kwana ne. Na gaɓoɓi sau ɗaya ake sha a SATI, ba kullum ba, ku tsayar da rana ɗaya ku rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, kowa ya san wa ya bayar don kar kai ka ba ta matarka ma ta sake ba ta. In aka yi kuskure ta sha kwana da kwana a jere, ko yaro ya ɗauka ya haɗiye, asibiti kai tsaye da kwalin a hannu, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa komai da sunan karya guba, kar kuma a ce ai gashi yana wasansa lafiya lau bari mu gani. Illar ba ta fitowa a take, sai bayan kwanaki za a ga gyambon baki, zazzaɓi, gudawa ko zubar jini, lokacin ɓargo ya riga ya taɓu. Yana da makari, Leucovorin, kuma gwargwadon saurin ba da shi gwargwadon aikinsa.

Masu jinyar wanda ake yi wa kemo a gida ku ma ku ɗauka, aƙalla awa 48 bayan an sa magani yana fita ta fitsari da bayan gida da amai, wasu ma har kwana 7, don haka safar hannu wajen zubar da fo da canza zanen gado, a rufe murfin masai kafin a kora ruwa, a kora sau biyu, wanki kuma daban. Ajiya a sama a kulle, cikin kwalinsa na asali. Wanda ya rage ko ya lalace kar a zuba shi a masai ko kwandon shara, a ɗaure shi a leda a mayar famasin da aka karɓo shi.