Tambayi Makaniki: Bulon ɗin ƙafar mota ya cije, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ina wuni ina gajiya. Ni malamin makaranta ne nan Tahoua, ina da tsohuwar Corolla wadda anka kawo min daga Kwatano shekara shidda da sunka wuce. Amortisa na gaba, masu shanye girgizar hanya, sun mutu, na sayi sabbi na ce bari in canza da kaina ran Lahadi ƙofar gida tunda ina da ƴan kile, wato sifana. Gefen dama ya kwance lafiya lau, gefen hagu kuwa noti ɗaya ya ƙi motsi, na hau kile da ƙafa har kansa ya fara cinyewa. Kuma babban bulon na tiriyangil, ƙarfen nan mai kusurwa ukku da ke riƙe ƙafar mota ta ƙasa, notinsa ya fita amma shi ko da guduma ya ƙi fita. Maƙwabcina ya ce in zuba man birki, wani ya ce in sa wuta. Yau kwana ukku mota na bisa jak. Wai ma ƙasar da ba ruwa, ina tsatsa ta fito?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. Kafin maganar noti, wannan kwana uku bisa jak ɗin shi ya fi tsaya min a rai. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a zama ƙarƙashinsa ana jijjiga mota, balle ƙofar gida inda ƙasa rairayi ce kuma yara na kai da kawowa. Don Allah yau ɗin nan ka samo ƙafar ƙarfe irin ta gareji ko gungumen icce mai kauri ka ɗora motar, ka shimfiɗa katako ƙasa, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin jikin motar, tayun baya ka sa musu waigi. Tubalin siminti kar ka yarda da shi, ba ya gargaɗi, fashewa yake lokaci ɗaya.

Tsatsar kuma yawancinta ba tamu ba ce, da ita motar ta zo. Motocin nan da ke sauka Kwatano ko Lome sun yi shekaru a Turai inda ake watsa gishiri bisa titi lokacin ƙanƙara, gishirin ya shige cikin zaren noti ya kwanta. Mu kuma sai mu ƙara mata da damina, a ratsa korama, jan laka ya manne ya bushe, ga gargadar hanya irin ta Tahoua zuwa Agadas da ke girgiza komai. Ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, ninki biyu ko fiye, to ka ga ta kumbura tsakanin noti da bulon ta cika ɗan sararin da ke nan, shi ne cijewar.

Matsala biyu gare ka kuma ba iri ɗaya ba ne, mu fara da notin da kansa ya fara cinyewa. Ajiye kilen nan mai buɗaɗɗen baki, kusurwa biyu kawai yake kamawa shi ya sa yake zamewa yana gwaguyar kan. Nemi soket mai kusurwa shida, ba mai sha biyu ba, daidai lambar notin, a Toyota galibi 17, 19 ko 22 ne a wurin nan. In kan ya riga ya lalace ka ɗauki wanda ya ɗan fi shi matsewa ka buga shi da guduma ya zauna daram. Amma tukuna ka goge zaren da ya leƙo waje da buroshin ƙarfe sai ka ga farin ƙarfe, ka fesa WD-40 ko wani mai irinsa na sassauta tsatsa, in babu, gazuwal, wato man dizal, ko kananzir ma na taimakawa, ka bar shi ya kwana, da asuba ka ƙara fesawa. Nan ne mutane ke kasawa wallahi, mutum ya fesa yanzu, minti biyu ya kama ja, ya ce man ba ya aiki. Man birkin da maƙwabcinka ya faɗa masu gareji na yi da shi ba ƙarya ba ne, sai dai yana cin fenti, ni ban cika so ba.

Da safe ka ɗora wata guduma a bayan notin ta tare, ka riƙa buga ɗaya gefen da ƙarama, bugu gajere-gajere kamar maƙeri na gyaran bakin lauje, ka zagaye shi. Girgizar ce ke farfasa tsatsar ciki. Sannan ka sa dogon hannu, ka zura bututun ƙarfe kamar mita ɗaya, don in ka ninka tsawon hannu ka ninka ƙarfin juyi. Ka fara ɗaure shi kaɗan tukun, eh ɗaurewa, za ka ji ya yi ƙas, sai ka dawo baya. Yana motsawa kar ka yi ta juyawa da murna, kwance kaɗan, mayar, fesa mai, kwance kuma. Ja a hankali da nauyin jiki ya fi tsalle bisa kile, tsallen ne ke karya bulon kuma shi ke ture mota daga inda aka ɗora ta.

Wuta tana aiki, sosai ma, noti in ya yi zafi yana buɗewa ya saki. Amma noti ake gasawa ba bulon ba, kuma wurin nan da kake aiki cike yake da abubuwan da ba su son wuta. Amortisa akwai mai da iskar gas a matse cikinsa, in ya sha zafi yana iya fashewa, rotil, mahaɗin nan mai kan ƙwallo, shi ma haka, giris ɗin ciki ya tafasa ya harbo. Ga tiyon birki, ga robar kardan, sandar da ke juya taya, ga wayar ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, in motar na da ita, ga man da ka fesa shi kansa yana kamawa. Shawarata a gida kar ka kunna, in har ta kai ga wuta ka ɗauko mai walda da ya saba da ƙafar mota ya zo, ya rufe robobi da jiƙaƙƙen tsumma, bokitin rairayi na gefe. Duk bulon da ya yi ja a wuta kuma ya gama aiki, ƙarfinsa ya ragu, ba a mayar da shi.

Shi kuwa bulon na tiriyangil, daina bugunsa haka nan. Ba zare ne ya riƙe shi ba tunda noti ya fita. Cikin robar silambulok, wadda ke mahaɗin tiriyangil da jikin mota, akwai wani ɗan bututun ƙarfe da bulon ke ratsawa, su biyun ne tsatsa ta haɗe suka zama abu ɗaya. Gwada ka gani, ka juya kan bulon da kile, in ka ji yana tafiya da taushi ka saki ya dawo inda yake, to robar ce ke murɗewa. Gudumar da kake bugawa robar ke shanye ta, abin da za ka samu kawai bakin bulon ya baje kamar kan ƙusa ya ƙara ƙin fita. Kana iya mayar da noti daidai bakin ka buga a kansa bayan ya kwana da mai, wani lokaci ana dacewa, amma in gaskiya kake so goma da na gani yawancinsu yankawa aka yi. A sa zarto tsakanin silambulok da kunnen ƙarfen da ke riƙe shi, a yanke gefe biyu, tiriyangil ya faɗo, a canza silambulok da bulon gaba ɗaya. Da zarton hannu zai ci maka wuni da ruwan zarto biyu ko uku, da injin yanka minti kaɗan ne amma ka kare idonka.

Wajen sayen sabon bulon ka duba kansa, akwai lamba, 8.8 ko 10.9, ita ce ƙarfin ƙarfen. Na ƙafar mota galibi mai ƙarfi ne, kar a ba ka na ƙofa ko na gado don tsayinsu ɗaya. In ba ka samu sabo ba gara na wata Corolla da aka farke a wurin masu kayan gwanjo, mu nan Yamai Katako muke zuwa da tsohon a hannu a gwada zare da zare.

Akwai wani noti da nake roƙonka da girman Allah, na tsakiya can saman amortisa, wanda ke danne sifirin. Kar ka taɓa shi sai ka matse sifirin da abin matse shi. Na ga yaron gareji ya kwance shi haka nan a kan wata taksi, ina tsaye ban fi taku biyar ba, sifirin ya tashi ya huda kwanon rumfa, hular amortisa ta wuce ta gefen kunnensa, yaron ya zauna ƙasa jikinsa na rawa ya kasa magana. Igiya ko waya ba su riƙe shi. In ba ka da abin matsewa ka cire amortisa ɗungurungum ka kai gareji su juya maka sifirin, kuɗin kaɗan ne.

In ka zo mayarwa ka shafa giris a jikin bulon inda yake ratsa silambulok, zaren kuma ka bar shi da tsabta. Bulon na silambulok kar ka ɗaure shi ƙarshe mota na rataye, sai ta sauka nauyinta na bisa tayu, in ba haka ba robar na zama a murɗe ta yage da wuri. Daga nan ka wuce a duba maka paralelizim, wato daidaiton tayu, kafin ka kama hanyar Konni, don gefen taya ba ya jimawa in ƙafa ta karkace.

TAMBAYA: Baba ni kuma bulon nawa karyewa ya yi, guntun na ciki ya leƙo kaɗan. Ɗan taksi ne ni a Bukoki, Yamai.

AMSA: Sannu ɗana, Allah ya sa iyakarta ke nan. Tunda ya leƙo ka ci sa'a, kar ka bari a fara huda shi, in bakin injin huji ya kauce zaren gidan ne zai tafi. Kai wa mai walda ya ɗora noti bisa guntun ya cika tsakiyarsa da walda, zafin zai karya tsatsar kuma ka samu kan kamawa. A bari ya huce, a fesa mai, a juya gaba da baya a hankali, in notin ya ɓalle a sake wani, sau biyu sau uku ba komai. Ka tabbata an cire kan batir kafin a kunna walda, kuma a maƙala mas, wayar injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da wurin aikin, kar wutar ta bi ta cikin boris ɗin taya, ƙwallayen da take juyawa a kansu.