Tambaya da Amsa: Me ya sa kwalbatinmu ke zaftarewa duk damina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah me ke sa kwalbatin hanyar shiga ƙauyenmu zaftarewa duk damina alhali da siminti da rodi aka yi shi? Ko gada ya kamata a yi mana? Daga wani mai karatu a jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Yawanci ba kankaren ne ke fara karyewa ba, ƙasar da ke gefensa ce ruwa ke cinyewa. Shi titi ko layin dogo ai a kan cikon jar ƙasa ake ɗora shi, to in cikon ya tare inda ruwa ya saba bi, kwalbatin nan ne kaɗai mafitarsa, idan bakin ya yi ƙanƙanta ko yashi da leda da karan dawa sun toshe shi sai ruwan ya taru ta baya yana jiƙa cikon yana kwasar ƙasar a hankali, wata rana kawai a wayi gari kwalta ta rufta.

Abin ba ƙarami ba ne wallahi. A Mokwa ta jihar Neja ranar 29 ga Mayu 2025 rahotanni sun nuna ruwa ya taru ne bayan cikon layin dogo da magudanansa suka toshe, da ya ɓalle sai ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu.

Maganar gada kuwa ya danganta da yawan ruwan. In ƙorama ce mai kawo ruwa daga nesa ɗan zoben siminti ɗaya ba zai ɗauka ba, sai kwalbati mai kusurwa huɗu mai baki biyu ko uku, in ta fi haka sai gada. A ganina inda ake yawan cutar mutane shi ne a ƙi gina katangar bakin kwalbatin ta gefe da gefe, kuma ba a daɓe inda ruwan ke faɗowa da dutse ko kankare ba, nan zaizaya ke farawa ta ci har ƙarƙashi.

Ku haɗa samari ku yashe shi kafin ruwan farko, kuma in injiniya ya zo ku sa dattawan gari su nuna masa iya inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da aka fi ambaliya, da wannan zai auna girman bakin.