Sunan Quinn: na mace ne ko na namiji, kuma daga ina ya fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka da iyalina. A ajin 'yata akwai yara biyu masu suna Quinn, ɗaya mace ɗaya namiji. Ni da na ji ana kiran "Kwin" na ɗauka sarauniya ake nufi da Turanci, sai na yi mamakin a sa wa yaro namiji. Mene ne asalin sunan nan, kuma na wane jinsi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kunnenki bai yi laifi ba, domin a bakinmu kalmomin biyu kusan ɗaya suke fita. Amma Quinn ba shi da wata alaƙa da sarauniya, ba ma Turanci ba ne. Daga harshen mutanen Ireland ya fito, kuma a tushensa sunan namiji ne.

Asalinsa sunan dangi ne, Ó Cuinn. Wannan Ó ɗin da ke gaba yana nufin jika ko zuriya, kamar yadda Mac ke nufin ɗa, shi kuwa Cuinn siffar mallaka ce ta sunan Conn. In an haɗa, "jikan Conn" ke nan, irin yadda maroƙi zai ɗaga murya a gidan biki ya ce jikan wane. Mace a gidan ba a ce mata Ó Cuinn, sai Ní Chuinn. Harafin Q babu shi sam a haruffa 18 na rubutun gargajiyar Ireland. Lokacin da Turancin Ingila ya danne harshen ƙasar ne aka riƙa rubuta sunan yadda kunnen Bature ya ji shi, Ó ta faɗi a hanya, aka bar Quinn.

Kalmar conn a tsohon harshensu tana da fuska biyu. Ana faɗinta ga shugaba, wanda ke kan gaba, ana kuma faɗinta ga hankali da sanin ya kamata. Shi ya sa za ki ga wani littafin sunaye ya ce "shugaba", wani ya ce "mai hikima". Duka biyun suna da madogara, kuma a ganina ba su yi nisa da juna ba: mu ma ai "kai" muke cewa ga abin da ke bisa wuya, mu kuma ce wane yana da kai in muna yabon basirarsa.

Mafi shahara cikin masu wannan suna shi ne Conn Cétchathach, wato Conn mai yaƙi ɗari, sarkin da labaran gargajiya suka ce ya mulki tsibirin a ƙarni na 2. Tarihinsa gauraye yake da tatsuniya, amma sunansa ya zauna a ƙasa daram: lardin Connacht da ke yamma daga zuriyar da ake jingina masa ya samo suna, kuma a da rabin arewacin tsibirin gaba ɗaya Leath Cuinn ake kiransa, rabin Conn. Sai dai kada wani Quinn ya buga miki ƙirji cewa lallai shi jinin wannan sarki ne. Conn suna ne da maza da yawa suka ɗauka, don haka gidajen Ó Cuinn daban-daban suka taso a Tyrone da Longford da Clare, kowanne da kakansa. A Clare har akwai yankin da ake kira Inchiquin, daga Inse Uí Chuinn.

To, yaya sunan dangi ya koma sunan yanka? A Amurka aka yi wannan. Yunwar da ta afka wa Ireland daga 1845 zuwa 1852, bayan cuta ta lalata dankali, ta kashe kusan mutum miliyan 1, ta kori wasu fiye da miliyan 1 zuwa ƙetare. Can suka tarar da al'adar sa wa jariri sunan gidan mahaifiyarsa don kada ya ɓace. Sunan gida kuwa ba ruwansa da jinsi, kowa a gidan nasa ne. Ta wannan ƙofa Kelly da Riley da Kennedy suka shigo, Quinn ma haka. Da farko maza suka fi ɗauka. Talabijin ce ta juya akalar: shirin Glee da aka fara a 2009 yana da wata budurwa mai suna Quinn Fabray, kuma daga nan 'yan mata suka wuce maza. Tun tsakiyar shekarun 2010 sunan ya shiga ɗari na farko a jerin sunayen jarirai mata na hukumar Social Security ta gwamnatin Amurka, a wajen maza kuwa yana can baya, ko da yake ba a daina sa musu ba. Ajin 'yarki bai saɓa wa komai ba ke nan. Mu ma muna da Gambo da Auta.

A Ireland kanta har gobe an fi saninsa a matsayin sunan dangi, kamar na Niall Quinn, dogon ɗan wasan gaban nan ɗan Dublin da ya buga wa Arsenal da Manchester City da Sunderland. Ina kuma kyautata zaton kin taɓa ganin wani Quinn ɗin ba ki lura ba. Dattijon nan mai farin gemu da tabarau da ya fito a matsayin Umar Mukhtar a fim ɗin Lion of the Desert, wanda kuma ya fito a Sayyidina Hamza a fim ɗin The Message na 1976, Anthony Quinn ne. An haife shi a Chihuahua ta ƙasar Meziko a 1915, kuma daga kakansa na wajen uba, mutumin Ireland, ya gaji sunan.