Taimama a kan dusar ƙanƙara ga mai binciken kufai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Samaru, Zariya, ina karatun binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. An tafi da mu duwatsun Atlas na Maroko zagayen kufai, sai dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, aiki ya tsaya, muka maƙale a tanti. Janaba ta same ni, ga shi gas ɗin da ya rage na girki ne kawai. Na yi taimama a kan ƙanƙarar na yi salla. Sai na rama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu ramuwa a kanka, ɗana, muddin tsoron da ka ji na cutuwa ne, ba ƙyuyar taɓa ruwa ba.

Fara da sanin cewa abin da ya kewaye tantinku ruwa ne. Idan aka narkar da shi yana tsarkakewa, kamar yadda Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar game da ruwan da ya narke bayan daskarewa. Ke nan uzurinka ba rashin ruwa ba ne, rashin abin ɗumama shi ne. Da kuna da wadatar gas, da wanka ya wajaba a kanka. Amma ba a umarce ka ka ƙone makamashin abincin jama'a ba, alhali ba ku san ranar da hanya za ta buɗe ba.

Hujjar ita ce ƙissar Amru ɗan As, Allah ya ƙara masa yarda, a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira. Ya yi mafarki a dare mai tsananin sanyi, ya yi taimama ya ja sallar Asuba. Da aka kai zancen ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Amru ya kafa hujja da aya ta 29 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana kashe kai. Annabi ya yi dariya bai ce masa komai ba. Abu Dawuda ya ruwaito.

Bugun hannu a kan ƙanƙarar kanta kuwa, Malikiyya sun yarda da shi, Khalil ya jera ta cikin abubuwan taimama, ya ce turɓaya ta fi. Shafi'iyya ba su yarda sai da ƙasa mai ƙura. Ni dai da ka yaye ƙanƙarar ka dafa ƙasa ya fi kwanta mini, tunda tono sana'arku ce. Kada dai a ɗauko wannan sauƙin a kawo shi hunturun Zariya, inda murhu ke tsakar gida. Da zarar ka samu ruwan ɗumi, wankan yana kanka.

Wani abu da ba ka tambaya ba: filin da ƙanƙara ta rufe ba a ganin tsingaro ko tushen gini a cikinsa, don haka kada ku rubuta a rahoto cewa kun duba ba ku ga komai ba. Ku rubuta cewa ba a duba ba. Na bayanku za su yi aiki da rahoton, kuma amana ce.

Allah ne mafi sani.