Filin Tambaya da Amsa: Shirya nas don asibitin da babu wuta, babu likita

Wasiƙun wannan wata daga Jos da kewayenta suka zo, kuma duk a kan aikin jinya a wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci. Malaman jinya da ungozoma da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Saura mini wata shida in gama makarantar nas. Duk abin da na koya a asibitin koyarwa na koye shi, inda akwai likita da na'ura. Idan aka tura ni ƙauye, da me zan fara? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo.

Amsa: 'Yata, ki sayi agogo mai nuna daƙiƙa, ki soma ƙirga numfashin duk yaron da kika gani a wodi. Ki ɗaga masa riga, ki bari ya natsu a cinyar uwarsa, ki ƙirga minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 har ya kusa 5, 40. Yaron da ke tari yana numfashi da wannan sauri, a ɗauka ciwon huhu ne, ko babu hoton ƙirji. Inda ake kuskure shi ne a ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Numfashin jariri ba ya tafiya daidai, yakan tsaya ya ci gaba, sai lissafin ya yaudare ki. Ƙirga wa yaron da ke tsala kuka kuwa ɓata lokaci ne.

Alamomi huɗu ki haddace su har cikin barci: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ɗaya ta isa. A ba shi maganin farko a tura shi babban asibiti nan take. Idan zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, allurar artesunate miligiram 2.4 ce ga kowane kilo, miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Saboda haka sikeli ya zama dole, kada ki auna nauyin yaro da ido.

Sai gudawa. Ki matse fatar cikin yaron da yatsu biyu ki saki. Idan ta fi daƙiƙa 2 kafin ta koma, ido ya zurma, ba ya iya sha, ruwan jikinsa ya ƙare ƙwarai, sai ƙarin ruwa. Wanda ke sha da zumuɗi, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, mililita 75 ga kowane kilo cikin awa 4. Yaro mai kilo 10 ke nan zai sha 750, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Ki karanta jikin ledar, yawanci a lita ɗaya ake damawa, wato leda biyu ta ruwan sha na fiya-wata. Uwar da ta dama a kofi ɗaya don ta ga ya yi kauri ta ba ɗanta gishirin da zai cutar da shi, don haka ki sa ta dama a gabanki kafin ta tafi. A haɗa da zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata 6.

Lissafin ɗigo ma ki riƙe shi da ka, domin babu na'urar da za ta yi miki. Yawan ruwan, a ninka da ɗigon da ke rubuce a ledar igiyar, yawanci 20, a raba da mintuna. Leda mai mililita 500 cikin awa 4 ta ba ki ɗigo 42 a minti. Amma kafin ki buɗe wa yaro ruwa, ki auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku, ki danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3. Ƙasa da santimita 11.5, ko yatsa ya bar rami a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani. Zuciyar irin wannan yaro ba ta ɗaukar ruwa da gudu, ana rasa su a kan haka, kuma mai yin aikin tana ganin taimako take yi.

Tambaya: Ina koyarwa a wata makarantar ungozoma. Muna kai ma'aikata bita ta mako guda a otal, su ci jarrabawa, bayan wata uku sai ka tarar hannu ya manta. Ina matsalar take? Daga wani malami, Bukuru.

Amsa: Malam, matsalar tana wurin da aka yi bitar da kuma tsawonta. Abin da za a yi cikin firgici da tsakar dare, da fitilar waya a baki, hannu ne ke riƙe shi, hannu kuwa sai da maimaici. A ganinmu minti 15 sau biyu a mako, a ɗakin haihuwar da suke aiki, da kayan da ke cikin kabad ɗinsu, ya fi mako guda a otal nesa ba kusa ba. A sa mai shara da mai gadi a ciki, domin ranar da abin ya faru su ne za su riƙe fitila su nemo mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu biyu ne za a fi yi wa atisaye. Na farko zubar jini bayan haihuwa. Cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan an shafa ciki an tabbatar babu na biyu, a yi allurar oxytocin, maganin tsuke mahaifa, yunit 10 a cinya. Inda babu, ƙwayar misoprostol maikrogiram 600 a haɗiye. Daga nan a riƙa taɓa mahaifa duk minti 15 har awa 2. Ta zama da tauri. In ta yi laushi a murza ta, a duba mafitsara, domin fitsarin da ya cika yana hana mahaifa tsukewa.

Ido ba ya iya auna jini. Zani da katifa suna shanyewa, ungozoma ta ce kaɗan ne alhali an wuce mililita 500. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya gwada shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, da kuma yin magani gaba ɗaya a lokaci guda: murza mahaifa, oxytocin, tranexamic acid (maganin tsayar da jini) giram 1 ta jijiya cikin minti 10, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, sannan kiran na gaba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Tsohuwar hanya ta gwada ɗaya a jira a gani ita ke cinye lokaci. A lura, tranexamic acid cikin awa 3 da haihuwa yake amfani.

Na biyu jaririn da bai yi kuka ba. A goge shi sosai, a cire jiƙaƙƙen zanin, a shafa bayansa. In bai yi numfashi ba, kafin minti ɗaya ya cika ambubag, wato jakar roba mai murfin fuska da ake hura wa jariri iska da ita, yana kan fuskarsa, ana matsawa kamar sau 40 a minti. Iskar ɗaki ta isa a fara, kada a tsaya neman oksijin. Ɗalibi ya kafa ido a kan ƙirji, ba a kan jakar ba. In ƙirji bai ɗaga ba, kusan kullum ko murfin bai zauna daidai a kan hanci da baki ba, ko wuya ya lanƙwashe. A gyara murfin, a ɗan ɗaga haɓa, a sake. Riƙe jariri kai ƙasa, marin sa, da watsa masa ruwan sanyi, a kawar da su daga hannun ɗalibai tun a aji. Kuma kowace safiya wani ya haɗa ambubag ɗin, ya toshe bakinsa da tafin hannu ya matsa, ya ji ko iska na zurarewa.

Tambaya: 'Yata nas ce, za a tura ta wani ƙaramin asibiti. Tsoron zazzaɓin Lassa ya hana ni barci. Me ya kamata a ce an koya mata? Daga wani uba, Gangare.

Amsa: Alhaji, tsoronka yana da tushe, kuma garin nan na Jos yana cikin farkon tarihin cutar. A farkon 1969 aka kawo wata nas, Laura Wine, daga garin Lassa na Borno zuwa asibitin mishan a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, ta kamu ta rayu. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. A asibiti, jini da ruwan jikin majinyaci ne hanyar kamuwa, kuma ana iya toshe ta.

Ka tambaye ta waɗannan. Shin tana zargin Lassa ga wanda zazzaɓinsa ya ƙi sauka bayan an gama maganin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta, musamman da rani? Kada ta jira ganin jini, yawancin masu cutar ba sa zubar da shi. Ta keɓe shi, ta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko ta kira layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232.

Shin ta iya haɗa ruwan bilic? Idan kwalbar ta ce kashi 3.5 cikin 100, awo ɗaya na bilic da awo 6 na ruwa ya ba da kashi 0.5, na goge jini da gado da ƙasa. A ɗebi awo ɗaya na wannan a zuba ruwa awo 9, an sami 0.05, na hannu da tufafi. Kullum sabo ake haɗawa, a rufe, a kawar daga rana, domin zafi yana kashe ƙarfinsa ko da warin bai tafi ba. Mai kashi 0.5 ba na wanke fata ba ne.

Wajen cire safar hannu da riga aka fi kamuwa, lokacin da aka gaji, hannu ya kai ga ido ko hanci. Sai an yi ta gwadawa wata na tsaye tana kallo. Allura kuma ba a mayar mata da murfi, kai tsaye cikin kwalin allurai, a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu. In ta soke ta, ta wanke da sabulu da ruwa, kada ta matse wurin, ta kai rahoto a take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin awa 72, gwamma a awannin farko, a sha kwana 28. Kai kuma, Alhaji, ka tabbatar ta kammala allurai uku na rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ta tafi.

Tambaya: Ina son aiki da ƙungiyoyin agaji na duniya. Wace takarda zan nema? Daga wani nas, Tudun Wada.

Amsa: Ɗan'uwa, lasisinka na Majalisar Nas da Ungozoma ta Najeriya ya zama da rai, sannan aƙalla shekara 2 kana aiki a gefen gado. Ƙarin karatu a ungozoma, jinyar yara, ko sashen gaggawa yana da daraja, haka ma Faransanci, saboda Nijar da Chadi da Kwango. Irin su MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta duniya, suna aiki a Sakkwato da Zamfara da Borno, kuma da yawa daga nan suke somawa. Akwai kuma shirin Technical Aid Corps na gwamnatin tarayya, tun 1987, mai tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan na shekara 2. Ka sani a can yawancin aikin koyar da wasu ne, da ƙirga magani a sito, da cika rajista. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Tambaya: Firjinmu na sola ne. Wani lokaci alluran rigakafi suna yin ƙanƙara. Ai sanyi ba ya ɓata magani? Daga wata ma'aikaciyar lafiya, Barikin Ladi.

Amsa: Yana ɓatawa, Hajiya. Ma'aunin digiri 2 zuwa 8 ne, a duba safe da yamma a rubuta. Penta (mai kare cututtuka biyar), da ta ciwon hanta, da ta tetanus, da PCV ta ciwon huhu, da allurar shan inna ta IPV, in sun daskare sun tashi daga aiki, ko da sun narke sun yi kyau a ido. Yawanci a akwatin fita ƙauye abin ke faruwa, in an jera kwalabe jikin ƙanƙarar da aka ciro yanzu. A ajiye ƙanƙarar a tebur har ta yi gumi, ki girgiza ki ji ruwa na motsi a ciki, sannan a saka. Ki duba tambarin kan kwalba: in murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi, ko ya fi ta, zafi ya lalata ta. BCG ta tarin fuka da ta ƙyanda, in an dama su, a zubar bayan awa 6 ko kuma da zarar an tashi daga aikin ranar, duk wanda ya riga zuwa. Oxytocin ma sanyin 2 zuwa 8 yake so. Wanda ya yi watanni a aljihun tebur yana iya kasa tsayar da jini, don haka a nema masa wuri mai sanyi, a rubuta sunansa baro-baro a kwalinsa don kada a ɗauke shi a matsayin rigakafi.