Baba na da ciwon suga, ƙafarsa ta tsage amma ba ya jin zafi

Tambaya: Salam likita, mahaifina ya kai shekara 12 da ciwon suga, yanzu dunduniyarsa ta yi faso har wani wajen yana ɗan fitar da ruwa. Shi dai cewa yake ba ya masa zafi, kullum sai ya jiƙa ƙafar a ruwan zafi ya kankare kaushin da reza. Akwai matsala ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya wannan "ba ya min zafi" ɗin shi ya fi tayar min da hankali. Idan suga ya daɗe yana hawa yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, sai mutum ya taka ƙusa ko ya wuni da tsakuwa cikin takalmi bai sani ba, sai dai a ga jini a safa. Ga shi kuma jinin da ke sauka ƙafar ya ragu, shi ya sa ɗan ƙaramin yanka ke ƙin warkewa ya koma gyambo, in aka yi sake ya ci har ƙashi.

Don haka rezar nan ki lallaɓa ki karɓe ta yau ɗin nan, na san dattawa da kafiya amma ki daure. Jiƙon ma a daina, yana sa fata ta yi laushi ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, kuma zai iya ƙonewa bai ji ba. Wankewa kawai da ruwa mai ɗumi, a fara gwada shi da gwiwar hannu, a tsane sosai har tsakanin yatsu. Man shafawa a dunduniya da tafin ƙafa, banda tsakanin yatsu da kan ciwon. Farce a yanke shi a miƙe, kar a bi lungu. Kar ya yi yawo ba takalmi ko a tsakar ɗaki ne, kuma a zazzage takalmin kafin ya sa. Kullum da dare ki duba ƙasan ƙafar, ko shi ya duba da madubi.

Amma tunda har wajen ya fara ruwa, ba maganar gida ba ce kuma, ku je asibiti yau ko gobe. Za su wanke, su cire mataccen nama, su duba bugun jinin ƙafar, su gwada ko ƙafar na jin taɓi da wani siririn zare kamar na roba, sannan a daidaita sugan. In kuwa kin ga kumburi, ja, mugunya, wari, zazzaɓi ko yatsa ya fara baƙi, kar ku jira gari ya waye.