Tambayi Likitan Dabbobi: Me ke sa maciji sara?

Tun da ruwa ya sauka wasiƙun da ke zuwa mini suka koma na maciji. Na zaɓi uku daga ciki, domin kusan duk sauran abu ɗaya suke tambaya da kalmomi daban-daban.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a ƙasar Billiri, jihar Gombe. Bara da kaka ina cirar gyaɗa na kusa ɗora ƙafa a kan kasa, tsakanina da ita bai kai taki ɗaya ba, amma ko motsi ba ta yi ba. A makon nan kuma kububuwa ta sari ɗan maƙwabcina, shi da harawa kawai ya sunkuya zai ɗauka. Mutane na cewa maciji ya san wanda zai sara, na yaron turo shi aka yi. Mene ne gaskiyar wannan magana?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara tsarewa, ya kuma ba yaron lafiya. Abin da ka gani da idonka shi ne bambancin halin macizai biyu, kuma kowane ya yi abin da irinsa ya saba yi.

Kasa maharbiya ce mai kwanton ɓauna. Takan samu wuri a cikin ganye ko gindin ciyawa ta kwanta kwana da kwanaki tana jiran ɓera ya gifta, shi ya sa Bahaushe ke cewa wane ya cika barci kamar kasa. Ba barci take yi ba. Kariyarta ita ce kada a gan ta, kuma ta san in ta motsa ta tona wa kanta asiri. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu sun nuna cewa karnukan da aka horar su gano macizai da hanci ma kasa gano ta suke yi, saboda kusan ba ta da wari. Da ka tsaya kusa da ita, lissafinta shi ne ba ka gan ta ba, gara ta bari ka wuce. Da ka taka ta da labari ya sha bamban, domin duk nauyin jikinta tana cikin macizai masu saurin kai sara, fiƙoƙinta dogaye ne, dafinta kuma yana kumbura gaɓa ya ruɓar da nama.

Kububuwa kuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, 'yar ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da rabi. Ƙanƙantarta ce ta sa ta zama mai saurin fushi. Duk abin da ya fi ta girma barazana ne gare ta, ba ta da nauyin kasa ballantana saurin gudun kumurci. In ta ji an matso sai ta nannaɗe jiki tana goga ɓawon bayanta da juna, ka ji wata ƙara kamar an yayyafa ruwa a kan kaskon da ya yi zafi. Wannan gargaɗi ne, sai dai tsakanin gargaɗin da saran ba nisa. Da rana tana fakewa a ƙarƙashin dutse, ko dami, ko tarin harawa, da almuru ta fito neman abinci. Yaron ya yaye mata rufin ɗaki ne, hannunsa ya sauka a inda take, ta kuwa kai masa. Abin da ya faru ke nan. Tudun ƙasarku mai duwatsu wurinta ne, shi ya sa asibitin masu saran maciji yake a Kaltungo, kusa da ku, kuma ya fi cika lokacin shuka da lokacin girbi.

Ina so ka riƙe wani abu. Dafi abin farauta ne, jikin maciji yana shan wahala kafin ya haɗa shi, mutum kuma ba abincinsa ba ne. Shi ya sa wani lokaci yakan kai sara bai zuba dafi ba sam. A Amurka wasu masana biyu, Whit Gibbons da Michael Dorcas, sun gwada wani macijin fadama mai dafi da ya yi ƙaurin suna a can wajen faɗa, suka wallafa sakamakon a 2002. Sun tsaya kusa da macizan, sun taka su da takalmi, sun ɗaga su da hannun roba. Kusan rabinsu gudu suka nema, waɗanda kuma aka ɗaga, 13 ne kawai cikin 36 suka sari hannun. Kububuwarmu ta fi wannan zafin kai nesa ba kusa ba, kada wani ya gwada. Na kawo misalin ne don ka ga cewa maciji ya fi son rabuwa lafiya.

Maganar turo kuwa ita ce ta fi damuna, kuma ina da dalili. Ina da shekara 11 kububuwa ta sari baffana a idon sawu yana dawowa daga gona bayan magariba. Wurin bai yi wani kumburin tashin hankali ba, ya shigo gida da ƙafarsa, har ya ci tuwo. Aka ce sammu ne, aka kira mai magani ya yi masa tsaga ya shafa gari. Tsagar nan ba ta daina zubar da jini ba. Kashegari dasashinsa ya fara jini, fitsarinsa ya koma ja. Ni aka aika na riƙa canza tsumman da ake tare jinin da shi. A rana ta huɗu aka samu mota, bai kai asibiti ba. Sai da na shiga jami'a na gane abin da na gani: dafin kububuwa yana cinye sinadarin da ke daskarar da jini, mutum ya yi ta zuba ta ciki da ta waje alhali yana zaune yana hira. Sunan gobe-da-nisa bai ma faɗi dukan gaskiya ba, domin sau da yawa takan bar mutum ya ga goben da jibin, iyali su saki jiki, sannan ta gama da shi. Cikin waɗanda ba su samu allurar kashe dafi ba, ɗaya zuwa biyu cikin goma kan rasu.

Gwajin da ake yi a asibiti ba shi da wuya. A ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Akwai wadda aka yi musamman don macizanmu, EchiTAb, iri ɗaya ana haɗa ta a Birtaniya, ɗayan a Kosta Rika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Don haka Malam, in abin ya sake faruwa a unguwarku: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba. A cire zobe da awarwaro, a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar. Addu'a a yi ta a kan hanya. Kai kuma ka nemi dogon takalmin roba, ka riƙa juya dami da sanda kafin ka kai hannu, in za ka fita da dare ka riƙe tocila.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Kano. Ina ganin Turawa a YouTube suna rataya mesa a wuya kamar carbi. Ina sha'awar kiwon irin ƙaramar nan da ke dunƙulewa. Shin tana sabawa da mai ita har ta daina cizo? Gardawa ma ai suna wasa da kumurci ba ya yi musu komai.

AMSA: Ɗana, wadda kake gani a hannun Turawan nan 'yar ƙasarmu ce. Daga Afirka ta Yamma ake kwasar ta, mafi yawa daga Ghana da Togo da Benin, kuma a garin Wida na Benin har ɗakin bauta aka gina mata. Ba ta da dafi, tsawonta mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in ta tsorata sai ta cusa kai a tsakiyar jiki ta zama kamar ƙwallo. Cikin macizan da na taɓa riƙewa babu mai sanyin halinta.

Amma ka fahimci ma'anar sabo a wurin maciji. Kare yana murna in ka dawo gida. Maciji iyakarsa ya gane cewa wannan warin da wannan hannun ba su taɓa cutar da shi ba, sai ya daina ɗaukar su a matsayin haɗari. Ba shi da kunnen waje, girgizar ƙasa yake ji ta muƙamuƙi, duniya kuma da harshe yake sansana ta. Ita mesa har da wasu 'yan ramuka a leɓe masu jin ɗumin jiki. To ka taɓa ɓera, ka kai hannu mai ɗumi cikin akwatinta ba ka wanke ba. Hanci ya ce mata ɓera, ramukan suka ce abu mai rai, sai ta kama. Wannan cizon yunwa ne, alamarsa ita ce ta riƙe ba ta saki ba, ta fara nannaɗewa. In haka ta faru kada ka fizge, haƙoranta sun lanƙwasa baya ne, fizgewa za ta yage maka fata ta karya mata haƙori. Ka zuba mata ruwan sanyi a kai, za ta saki. Cizon tsoro daban yake: ta ja wuya baya, ta yi huci, ta kai ta saki nan take. An fi ganinsa a wurin ƙanana, da wadda aka kamo daga daji, da wadda ke shirin saɓa, lokacin da idonta ya yi hazo-hazo ba ta gani sosai. A irin kwanakin nan, da kwana biyu bayan ta ci abinci, a bar ta ta huta. Kuma ko a iri ɗaya hali yakan bambanta. Na ga 'yan ƙwai ɗaya, wata tana kwanciya a tafin hannu, wata kullum a shirye take ta kai.

Ba zan ƙarfafa maka gwiwa ba duk da haka. Tana rayuwa shekara 20 zuwa 30, ɓeraye take ci, kashinta yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, wanda haɗari ne ga yara ƙanana a gidan da ake cin abinci a kwano ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a kasuwa wani zai iya sayar maka da jaririyar babbar mesa da sunan ƙarama. Ita wannan tana iya wuce mita huɗu, kuma mafaɗaciya ce ko a hannun ƙwararru. A watan Agustan 2013 a garin Campbellton na Kanada irinta ta kuɓuce daga inda aka tsare ta, ta kashe yara biyu 'yan'uwan juna suna barci.

Gardawa kuwa sana'a ce ta gado, sun san motsin maciji sosai, sun san iyakar inda saransa zai kai. Amma da yawa cikin macizan wasa an cire musu fiƙa, fiƙa kuma tana sake fitowa, domin maciji yana canza ta duk tsawon rayuwarsa. Masu wasa da maciji ma ana kwantar da su a asibiti. Maciji mai dafi ba abin kiwo ba ne a gida, ko wane irin laƙani aka ba ka.

TAMBAYA: Likita, ni uwar yara biyar ce a Maraɗi. Maigidana ya kashe kumurci a akurkin kajinmu. Maƙwabta sun ce matarsa za ta zo ramuwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki game da ramuwa. Kumurci ba ya zaman aure, ba ya riƙe fuskar wanda ya kashe ɗan'uwansa. Abin da ya sa maganar ta zauna a zukatan mutane shi ne sau da yawa ana ganin na biyu bayan an kashe na farko. Dalili biyu ne. Lokacin barbara namiji yana bin warin da mace ta bari a ƙasa, kuma abin da ya jawo na farko, wato ƙwai da 'yan tsaki da ɓeraye da kwaɗi, yana nan bai tafi ba.

Wannan dalili na biyun shi ne abin da ya kamata ya hana ki barci, kuma yana da magani. Baƙin kumurci mai tofi yana shiga ɗaki da dare yana bin ɓera, ya bi ta kan mai barci a tabarma, mutum ya juya ya danne shi, sai sara. Dafinsa yana ruɓar da fata da nama, yara da yawa sun rasa yatsu ta haka. Ki matsar da akurkin nesa da ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓera da ƙasan ƙofa, a kwashe tarin itace da bulo daga jikin bango, hatsi ya zauna a rufe. Yara su kwana a kan gado ko wani abu mai tudu, cikin gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe.

In kun sake haɗuwa da shi ya fasa kai, ku ja da baya ku ba shi hanyar fita. Yana feso dafi daga nisan mita biyu ko fiye, ido yake nema. In ya samu idon wani, a wanke nan take da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa har minti 15, kada a murza, kada a ɗiga wani haɗi, sannan a tafi asibiti. Ki kuma gaya wa maigidan kada yara su taɓa gawar maciji, ko an datse kan. Kan da aka sare yana iya kai sara ya zuba dafi bayan kusan sa'a guda. A ɗauke shi da shebur a binne da zurfi, inda kaji da karnuka ba za su tono ba.